Bangon Anti Tsuguno

Anti Tsuguno ake ce mata, domin ba ta taɓa yi wa yaro magana a tsaye ba. Ajin 'yan shekara uku na hannunta tun ginin makarantar yana warin fenti. Ta share majina, ta wanke wando, ta rarrashi masu kuka, har gwiwoyinta suka fara ƙara in za ta miƙe. Wasu da ta goya yanzu su ke kawo mata nasu 'ya'yan. Ban da ajin nan, ba ta ajiye komai ba a duniya.

Bango ɗaya ya raba ta da wata sabuwar malama, yarinya mai fara'a da ke kiranta Yaya. A makon farko Anti ta same ta bayan ƙofa tana hawaye, yara sun haye tebur.

"Ƙanwata, in kin ji kanki zai fashe, ƙwanƙwasa bangon nan. Zan kwashe 'ya'yanki in haɗa da nawa mu yi waƙa. Ke kuma ki shiga ɗakin ajiya, ki sha ruwa, ki dawo mutum."

"Hajiya mai makaranta fa?"

"Hajiya na ofis ita da fankarta. Bangon namu ne."

Haka suka yi ta yi. Yawanci daga can bugun ke zuwa. Anti ma takan buga, lokacin da maigidanta ya kwanta ciwo.

Wata rana Hajiya ta dawo daga wani taro da sabuwar magana: lafiyar malamai. Ta tara su, ta raba lemo, ta ce kowa ya faɗi damuwarsa, ba za a ɗauka laifi ba. Duk suka sunkuyar da kai. Anti kuwa ta yarda. Ta ba da labarin bangon, ta roƙi a mai da shi ƙa'ida, kowace malama ta samu ɗan lokacin numfashi.

Hajiya ta yi murmushi. "Wato ana barin aji ke nan." Ta juya ga yarinyar. "Ke ma kina bugawa?"

Yarinyar ta ƙura wa kwalbar lemonta ido. "Ni dai taimaka wa Yaya nake yi, Hajiya. Kin san shekaru."

Mako bai zagayo ba aka kira Anti ofis. Don a tausaya wa gwiwoyinta, in ji Hajiya, sabon zango za ta koma bakin ƙofar makaranta, a kan kujera, tana karɓar yara daga hannun iyaye. Ajin za a ba mai sauran ƙarfi. Ba sai an faɗi ko wace ce ba.

Yarinyar ta tare ta a baranda. "Yaya, wallahi tsoro ne."

"Ɗaure wa yaron can igiyar takalminsa," in ji Anti. "Zai faɗi."

Ranar ƙarshen zango, Anti na cire zane-zanen yara daga bango, sai ta ji bugun, a hankali, kamar na mai jin kunya. Kuka na tashi a can. Ta ɗora tafinta a wurin, ta daɗe.

Sannan ta je ta tsuguna a ƙofar ajin yarinyar, ta buɗe hannuwa, yaran suka sheƙo da gudu. Malamarsu na tsaye a gefe, tana jiran a dube ta. Anti ta wuce da su ajinta, ta ja ƙofa.