Karfasar Taha da Jan Famfo

Yayana Taha direban bas ne, yana kwasar alhazai zuwa Muzdalifa lokacin aikin Hajji, sauran shekara kuma malamin kifi ne. A unguwar Rusaifa ta Makka aka haife shi, bai taɓa tsoma ƙafa a kogi ba. Amma zauna kusa da shi ka sha karatu: wai akwai wani kifi a tafkunan ƙasashen sanyi, mai farin ido kamar na mai yana, yana gudun rana, yana farauta a duhun ruwa, yana zuba ƙwai kan tsakuwa. Duk a waya ya gani.

Innarmu Rumasa'u kuwa a bakin Tafkin Chadi ta girma. Da ciwo ya kwantar da ita, abinci ya daina shiga, abu ɗaya take nema: romon karfasa, wadda aka ciro daga ruwa tana motsi. Kifin tekun Jidda ta ce gishiri ne zalla, na ƙanƙara kuma gawa.

Taha ya bugi ƙirji. Ya sayo 'ya'yan karfasa talatin daga wata gona, ya zuba su a bahon banɗakin baƙi. Wata biyar muna shan ƙarni da wa'azi, Inna tana tambaya ko sun girma.

Kowa a Makka ya sani, da zafi tankin saman gida tafasa yake, saboda haka mukan kashe sahhan, tukunyar ɗumama ruwa, ruwan cikinta ya huce, jan famfo na ruwan zafi ya koma na sanyi. Ana gobe za a yi romon, matarsa Ikhlas ta kunna sahhan da safe don ta gasa wa Inna ƙafa. Gogan naka ya zo sabunta wa kifi ruwa, ya murɗa jan famfo yadda ya saba, ko yatsa bai sa ba, ya ja ƙofa ya tafi shan shayi unguwar Jarwal. Da la'asar ya tarar da su ciki sama, har sun soma wari. Wallahi har yau haushinsa nake ji.

Washegari ya sayo kifin teku, Ikhlas ta cika shi da yaji. Ya durƙusa gaban gado da kwano.

"Inna, ga karfasarki."

Ta kurɓi cokali ɗaya, ta daɗe tana kallonsa.

"Ta yi daɗi, Taha. Allah ya yi maka albarka."

Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake neman komai a wurin kowa ba, har Talatar da aka kai ta makwancinta.