Tubalin da Damina Ta Cinye

A shekarar da mutanen Michika da Madagali suka cika Yola, ina koyarwa a wata sakandare a Jimeta. Wani abokina ya ce mini wata ƙungiyar ƙasar waje tana neman mai jin Turanci da Hausa, za ta horar da shugabannin al'umma daga cikin 'yan gudun hijira. Na je, aka ɗauke ni. Da farko tafinta nake yi wa wata Baturiya. Da ta ga bakina yana tafiya, sai ta bar mini ajin.

A zauren wani otal muke haɗuwa. Muna manna manyan takardu a bango, muna koya musu yadda ake kiran taro, yadda ake barin kowa ya yi magana, da yadda ake rubuta wa abokan haɗin gwiwa wasiƙa. Darasin da na fi ƙwarewa a kai shi ne gudummawar al'umma: ku kawo abin da kuke da shi, masu tallafi su ma su kawo nasu. Kullum da karin magana nake rufe shi, in ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikinsu akwai wata mata da ta girme ni, shugabar zumuntar mata a cocin ƙauyensu. Mama muke ce mata. An kashe mijinta a gona, ta yi kwanaki a kan dutse da jikoki kafin ta iso gidan ɗanta a wajen tafkin Njuwa. Ba ta yin dariya a aji, amma duk abin da na faɗa sai ta rubuta.

Wata rana ta ɗaga hannu. "Malam, in mu mun kawo namu, su bai kawo ba fa?"

Na juya wa Baturiyar tambayar. Ta dafa ƙirji ta ce za su kawo. Na tabbata har zuciyarta take nufi. Ni kuma na ƙara gishiri, na ce, "Mama, waɗannan ba irin mutanenmu ba ne. In sun faɗa, sun faɗa."

Da hanya ta buɗe, Mama ta koma gida da takardar shaidar horonta. Asibitin ƙauyen an ƙone shi, aka yi yarjejeniya: mutanen ƙauye za su buga tubali, ƙungiya ta kawo siminti da katako da kwano. Ta tara mutanen da ba sa gaisawa, waɗanda suka gudu da waɗanda ake zargi don sun zauna. Duk ranin nan suna kwaɓa ƙasa, mata na ɗebo ruwa daga nesa. Takan kira ni ta ce, "Malam, bulo ya cika fili. Yaushe kwano yana zuwa?"

Sai in ce ta ƙara haƙuri.

A watan da hadari ya fara haɗuwa aka kira mu ofis, aka ce wa'adin shirin ya ƙare, masu tallafi sun karkata wata ƙasa. Baturiyar ta yi kuka a gabanmu. Na kwana uku ina kallon lambar Mama, ban kira ba. Ita ta kira. Da na gaya mata, ina jin kaji suna kuka a bayanta, sai ta ce:

"To, me zan gaya musu?"

Ban koyar da wannan ba. Babu shi a littafin horon.

Ruwa ya sauka a kan tubalin har ya koma tudun laka. Daga baya na ji mutanen gari sun ce ita ta sayar da kwanon a Mubi. Matan da ta jagoranta shekara da shekaru suka daina zama kusa da ita a coci. Kafin damina ta biyu ta tattara ta dawo wurin ɗanta.

Bara na gan ta a bakin Njuwa, tana ban ruwan alayyafo da gwangwani. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba fushi, har ta tambayi iyalina.

"Har yanzu kana koyar da wannan abu?"

Na ce e, da wata ƙungiya dabam.

Ta juye ruwan gwangwanin, ta ce, "Ka gaya musu kada ya taɓa ƙasa sai ya ga kwano da idonsa."

Na ce zan gaya musu. Ta ɗaure mini alayyafo, ta ƙi karɓar komai.

Litinin ɗin da ta biyo baya na shiga aji. Sababbin mutane ne, akasarinsu matasa, kowa da biro a hannu. Jami'in ƙungiya yana zaune a baya yana duba wayarsa. Na iso shafin gudummawar al'umma, na tsaya har wata ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, na sha ruwa, na karanta musu shafin yadda yake a rubuce.