Ranar Da Na Dubi Ɗan Farina Saboda Ƙwallon Kwando

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu tsufa ya cinye, wasu ni na sake su da kaina. Amma akwai wata la'asar a unguwar Yalwawa ta Dutse da ba za ta bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ina da jika, maraya, ni na raine shi a Buji. Sunan kakansa ya ci, don haka Angona nake ce masa. Yaron nan ya yi ta tsawo kamar ana jan sa da igiya, har ya zama shi ke karyo wa shanu ganye ba tare da ya hau bishiya ba. Da aka ba mu jiha, baffansa ya sami aiki a Dutse ya kwaso mu. A makaranta wani malami ya gan shi, ya damƙa masa ƙwallo ya nuna masa kwando a saman ƙarfe. Daga nan sai Kano, daga Kano sai Legas, ban ankara ba aka ce yana Masar, aka ce ya haye Turkiyya, wasan nan ne abincinsa.

Baffan nan nasa ɗan farina ne. A gidanmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana baki da baki. In ina da saƙo sai in fuskanci bango in ce, "A gaya wa wancan hatsi ya ƙare," ko da yana zaune a gabana. Haka muka yi har ya yi furfura.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Angona ya zo hutu. Gari ya ɗauki wa'azi, mutane kuma suka sami baffansa da magana: ɗanku yana tsalle da gajeren wando a gaban dubban jama'a, wasa kuma ba sana'ar ɗan mutunci ba ce. Abin ya ci masa rai. Ya kira yaron ya ce, "Ka gama tafiya. Ga gona, ga shanu."

Can kuwa ana jiran sa, in aka buɗe wasannin shekara bai koma ba, wani za a ba gurbinsa. Ya zo ɗakina ya durƙusa, kansa na neman taɓa rufi duk da haka.

"Tsohuwa, ba zan taka jirgi ba sai Baffa ya sa albarka."

"To zauna mana, dogo marar amfani, in sami mai sauko min da ƙwarya daga rataye."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kaɗa. Na ce ni ban taɓa ganin abin da ake rigima a kai ba, a nuna min.

Aka aro bidiyo a maƙwabta, aka kunna kaset ɗin wasansa bayan la'asar. Gida ya cika. Baffansa ya zauna can bakin ƙofa yana jan carbi, wai shi ba kallo yake ba.

Jama'a, na ga ɗaki wanda ya fi kasuwa cika! Na ga Angona yana gudu cikin ƙattai, ƙwallo na bin hannunsa kamar ɗan maraƙi da uwarsa. Ya tashi sama, ya dangwara ta a kwando, sai mutanen suka miƙe gaba ɗaya suna kiran suna. Sunan mijina ne, wanda bakina bai taɓa furtawa ba, ga shi a bakin mutanen da ba su san hanyar Buji ba. Na ja mayafi na rufe fuska.

Da na buɗe, wani ƙato ya kai masa gwiwar hannu a baki, ya faɗi, jini ya zubo. Na ce yau za a yi dambe. Sai yaron nan ya tashi, ya share bakinsa, bai ɗaure fuska ba, bai ɗaga hannu ba. Ƙaton ma da santsi ya kayar, shi ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Na lura carbin bakin ƙofa ya tsaya.

Ban san lokacin da na juya ba. Ban nemi bango ba, idon ɗan farina na duba.

"Kai," na ce.

Matarsa ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ubanka yakan kora shanu kudu, ya yi rani bai ga gida ba, ba wanda ya ce ya ɓace. Wannan ma inda ciyawa take ya bi. Ka ga an fasa masa baki bai zubar da tarbiyyarka ba. In gwiwa ce damuwarka, a rufe gwiwa. Amma kar ka ɗaure min shi a turke."

Ya sunkuyar da kai.

"Inna, na ji." Ya dubi yaron. "Ka sa dogo a ƙarƙashin wancan wandon, ka riƙe sallarka. Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka."

Angona ya koma. Ya yi shekaru yana buga wasansa daga wannan ƙasa zuwa waccan, da baƙin wando har ƙauri, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji ya dawo gida da mutuncinsa.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, kuma ban yi nadamar riƙe ta ba. Amma ranar da shirunka zai tare wa ɗan wani hanyar arzikinsa, to buɗe baki ka yi magana, ko sau ɗaya ne a rayuwa.