Mai Takin En'e a Bakin Kogi

Duk ranar kasuwar Hadejia, Gwadabe mai fito yakan tarar da shi a bakin kogi: dattijo siriri mai farin gemu, rigarsa ta saƙi ta sha wanki har ta koɗe. Yana zaune can gefe da buhu biyu na takin En'e, wanda ake haɗawa da bahayan gari da shara da toka, a yi ta juyawa cikin rami har ya zama baƙar ƙasa. Ba ya wari ko kaɗan, amma kowa ya san asalinsa. Mata na kau da kai, maza na amsa sallamarsa daga nesa, hannuwansu cikin riga.

"Baba, a ƙara haƙuri, sai sahu na gaba," in ji Gwadabe.

"Ba komai, ɗana. Ni da jira mun saba."

Gwadabe bai san sunansa ba. Yana dai zaton albasar nan mai manyan kawuna da ke kwandunan matan daga fadamarsa ta fito. Wataƙila ma a gida shi kaɗai yake cin tuwonsa.

Daga tsakiyar kogi Gwadabe ya waiwaya. Ga dattijon can tsugune, yana dirza hannuwansa da yashi, ya ɗauraye, ya sunsuna. Sai ya koma mazauninsa, ya ɗora hannun dama bisa gwiwa, tafin a buɗe, ko Allah zai kawo wanda bai san shi ba, ya ba shi hannu su gaisa.