Tabo a Jallabiyar Maigida

Adjara ba ta da abin taƙama a duniya sai farin wanki. A Zongon Kumasi ta tashi, gidan mahaifiyarta da ke wanke wa mahauta tufafi, kuma wanda ya iya fitar da jini daga farar riga ya gama makarantar wanki. Tana da shekara arba'in da biyar ta sauka Doha, a 2004, aikatau a wani gida a unguwar Ain Khaled. Maigidan ma'aikacin banki ne, jallabiya biyu yake sawa a rana. Shekara biyu babu wanda ya taɓa ɗaga mata murya.

Sai ga tabo. Ɗigo-ɗigo ne ruwan ƙasa, a kafaɗa da bakin aljihu, ba ya fitowa sosai sai an ɗora dutsen guga. Ta sa lemon tsami, ta sa bilic, abin ya ƙara zama daram. Da jallabiya ta huɗu ta lalace, uwargidan ta kira Haruna direba, dattijo Bakatsine mai jin Larabci, ya yi tafinta.

Haruna ya sunkuyar da kai. "Mma Adjara, cewa ta yi khalas, wato ya isa haka. Daga yau shago za a riƙa kai kayan maigida. Ƙarshen wata kuma za ta yi magana da ejan ɗin da ya kawo ki."

Maganar ejan tikitin komawa gida ke nan. Amma wallahi ba tikitin ne ya fi ƙona mata rai ba. A ce ita, ɗiyar Atine mai wanki, ta koma Kumasi da sunan ƙazama.

Ta zauna ta yi ta juya abin a ranta. Sabulu bai canja ba, igiyar shanya ta roba ce. Abu ɗaya ne ya canja, zafi ya shigo. A Doha in zafi ya kankama, ruwan tankin saman bene tafasa yake yi, mai ƙona mutum. Saboda haka kowane gida sai a kashe hita, tukunyar dumama ruwa, a koma ɗiban ruwa daga famfon zafi, don ruwan da ya kwana cikin tukunyar hitar a inuwa shi ne mai sanyi. Hitar gidan mai aiki da gas ce, tsohuwa, a wani lungu bayan kicin. Tun watan Mayu aka kashe ta, tun watan Mayu kuma tabon ya fara.

Ta yaga tsohon farin ƙyalle gida biyu, ta ɗaure bakin famfon sanyi da ɗaya, na zafi da ɗaya. Kwana uku tana aiki a haka, mai dafa abinci yana mata kallon wadda ta fara taɓuwa. A rana ta huɗu ta kwance. Na sanyi fari tas. Na zafi ya yi jawur a tsakiya, har da gari-gari.

Ta kai wa Haruna. Ya murza garin a yatsa, ya sansana, ya ce, "Tsatsa ce. Shekara goma na yi a gareji, na san ta."

"To ka faɗa wa Madam."

"Mma, in muka sa aka kira mai gyara bai ga komai ba fa? Da ni da ke za a haɗa a kora."

"Malam Haruna, kai bakinka kawai nake so. Ka ce ni na ce."

Ya faɗa, yana yi yana nanata cewa ita ta ce. Uwargidan ta daɗe tana duban ƙyallayen biyu, sannan ta ɗauki waya.

Mai gyaran ya rufe gas, ya zuƙe tukunyar. Ruwan ƙarshe da ya fito kamar kunun kanwa. Ya kwance wani dogon ƙarfe daga sama, ya nuna musu. Ya ce ana sa shi ne don ruwa ya ci shi maimakon jikin tukunyar, kuma ya kamata a canja shi tun shekaru huɗu baya. Abin da ya rage siriri ne kamar tsinken tsire. Da ruwan ya gama da shi sai ya koma kan tukunyar. Ya haska gindinta da tocila, ya ce saura ƙiris ta huje a kan murhun gas ɗin.

Adjara ta tsaya a bakin lungun tana jira. Kalma ɗaya take so, ko da ta bakin Haruna ce. Uwargidan ta yi magana da mai gyara kan sabuwar hita, ta ce wa Haruna yalla, maza ya fito da mota, ta wuce ta gaban Adjara ko kallo babu. Abin ya yi mata ciwo, har ta kasa cin abincin rana.

Washegari da ta buɗe ƙofar ɗakinta, ta tarar da kwando shaƙe da jallabiyoyin maigida, guda bakwai, wuyansu duk gumi. Ta tsuguna ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana jin haushin kanta da ta ji daɗi haka. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki kwandon ta nufi wajen wanki.