Matar da Ke Roƙon Cibiya

Kafin bas ɗin farko ya cika a Plovdiv, Todorka Belcheva ta riga ta isa ɗakin haihuwa da kwalbar ƙanƙara a jakarta. Ba ungozoma ba ce, ba likita ba. Roƙo take zuwa yi. Takan tsaya gefen gadon mai jego, ta nemi a bar mata doguwar igiyar cibiyar da ake zubarwa bayan an yanke.

Kakanni ne ke ba ta wahala. A nan kowa ya san idan guntun cibiyar jariri ya faɗi, ana jefa shi inda ake so yaro ya ƙare: makaranta, banki, yanzu kuma filin jirgi. Wata kaka ta taɓa tambayarta ko jikanta zai zama likita idan ta bayar. Da Todorka ta ce e, da ta samu. Sai ta ce a'a, wannan ba ta ɗauke da rabon kowa. Ta koma da kwalbarta babu komai.

A ɗakin binciken da take aiki takan wanke jijiyar cikin igiyar, ta fitar da siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikinta, ta rene ta a ɗan faranti. Wannan fatar ce ke sa jini ya wuce sumul, jijiya ta buɗe idan jiki ya nema. Ta madubin ƙara girma, ƙwayoyinta sukan jeru kamar duwatsun titin tsohon gari. Idan aka tsiyaya musu kitse fiye da ƙarfinsu, sai su cika da ɗigo, su galabaita, su janye daga juna su bar ramuka. Ta irin ramukan nan kitse ke kutsawa cikin bangon jijiyar mutum ya taurare. Masana sun yi rubuce-rubuce a kan farantanta. Ita nata ciyarwa da wanki, har ranar Kirsimeti.

A gida kuwa akwai Zahari, mijinta, tsohon direban tirela. Karin kumallonsa gishirarren kitsen alade ne da taba, da yamma barasa. Ta yi magana har ta gaji. Yakan ce, “Ke tsohuwa, je ki yi wa farantanki wa'azi. Ubana ya ci wannan har ya tsufa.” Ya manta uban a kwance ya tsufa, rabin jiki a mace.

Da jijiyoyin suka toshe, aka yanke ƙafar Zahari ta hagu. Ya dawo daga asibiti yana raha, wai yanzu takalmi ɗaya ya ishe shi, ya sa maƙwabta suna shigo masa da kitse a ɓoye. Mu ne maƙwabtan. Muna kiran abin tausayi.

Saura ƙafa ɗaya, ita ma ta fara sanyi.

Da ƴarsu ta haihu, Todorka ta je da kwalbarta kamar kullum, ta roƙi ƴar cikinta kamar yadda take roƙon baƙi. Bayan kwanaki ta turo Zahari a kekensa har ɗakin bincike. Mai gadin ƙofa ya ji shi yana tsokanarta, wai yau za a gabatar da shi ga kishiyoyinsa. Ta nuna masa faranti na farko, ya ce kyakkyawan daɓe. Ta nuna masa na biyu, mai ramuka.

“Duka biyun daga cibiyar jikarka Nevena suke,” in ji ta. “Wannan na ba shi irin karin kumallonka.”

Zahari ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai ya ce, “Todorka, wace irin kaka ce ke? Yarinyar ko zama ba ta fara ba.”

“Ita tana gida lafiya. Kai ne ke yi wa kakanta haka kullum safiya.”

Tun ranar bai sake taɓa kitse ba, tabar ma ya jefar. Amma jijiya ba ta yafiya don mutum ya yi nadama. Babban ɗan yatsan ƙafarsa ta dama ya riga ya yi baƙi, likitoci sun ce a jira bazara a gani.

Ke ce mai reno marar ɗan goyo, Todorka. Ke ce kika ƙi yi wa baƙuwa ƙarya don ki samu, kika ƙi yi wa mijinki ƙarya don a zauna lafiya. Wannan watan kika ajiye aiki, aka ba ki furanni, aka koma bakin aiki. Mun gode, mu da ba mu taimake ki ba.

Ku kuma da ke da wani Zahari a gida, ku daina miƙa masa faranti kuna cewa ƙauna ce. Ku faɗa masa gaskiya tun yana da ƙafa biyu.

Yanzu ba bas take tashi kamawa ba. Takan durƙusa gaban kekensa, ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafarsa ta dama, ta yi shiru tana neman bugun jini. Jiya ta same shi.