Ruwan Da Ya Cinye Shagon Surukina Rana Na Haske

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a Madina da iƙamata, wato takardar izinin zama. Ni mutum ne mai shegen son jin dalilin komai, sai dai in amsar ta fito daga bakin tsoho ba na tsayawa in ji ƙarshenta. Surukina haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo aikin Hajji da ƙafa ya zauna. Da ciwon gwiwa ya kwantar da shi, sai ya danƙa mini makullin ɗan shagonsa da ke gangaren Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami. Harami muke sayarwa, da silifa da lema. Ya ce shagon nan shi ya ciyar da matata tun tana goye, in riƙe shi amana.

Abu biyu suka ɗaure mini kai. A bakin ƙofa akwai wani tudun siminti da ya kai gwiwa, sannan kantocin ciki duk daga ƙugu suke farawa, ƙasa wayam. Na tambaye shi, ya amsa da Hausarsa mai gauraye da Larabci cewa saboda sel ne, wato ruwan da ke gangarowa ta kwarin da ke bayanmu. Na leƙa kwarin, busasshe ƙayau, awaki na kiwo a ciki. Na yi dariya a zuci. Ni da na taso inda ake wata huɗu ana tafka ruwa, wa zai koya mini ambaliya a ƙasar da ake shekara ba a ga hadarin kirki ba? Da Hajji ya matso na sa aka fasa tudun, don tsofaffin alhazai na tuntuɓe da shi, na cika ƙasa da dilolin harami fari ƙal. Maƙwabcina mai shayi ya ce in bari in shawarci mai shago. Na ce masa zamani ya canza.

Ranar da abin ya faru kuwa, bayan la'asar, rana na haske, ko ɗigo bai sauka ba. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani rugugi kamar manyan motoci a jere. Maƙwabta suka hau tare ƙofofi da katako da buhunan yashi. Mai shayi ya ƙwala mini kira in ɗaga kaya. Ka san abin da na yi? Wallahi kallo na tafi! Na tsaya bakin kwari baki buɗe, ina tambayar mutane daga ina wannan jan ruwa yake alhali sama garau. Wani dattijo ya ce a kan duwatsu can nesa aka yi shi, dutse kuwa ba ya shan ruwa, turo shi yake yi gaba. Daɗin bayanin ya ɗauke ni, har na ƙara masa wata tambayar. Ko da na juyo, ruwa ya riga ni shiga shago. Haramin nan kaf ya rine da jan laka. Kwana uku ni da matata muna wanki, bai fita ba, kuma wane alhaji ne zai sayi harami mai dabbare-dabbare? Haka bas-bas ɗin alhazai suka yi ta zuwa suna wucewa ina kallo.

Da na je gaban surukina, na so ya zage ni ko na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya tambaya ko wani ya ji rauni, na ce a'a, ya yi hamdala. Sannan ya miƙo tafin hannunsa a hankali, na gane, na sa masa makullin. Har ya koma ga Allah yana amsa gaisuwata da fara'a, amma bai sake ba ni ajiyar ko allura ba. Wannan ya fi asarar kayan ci mini rai.

Don haka masu ƙananan sana'a, musamman mu baƙi, kada ku auna garin mutane da damunar garinku. Ku tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ya taɓa bi, ku ɗaga kaya sama tun ana zaune lafiya, in an ce ku gudu ku tare ƙofa, ku bar tambaya sai gobe. Kaya ana sake saye. Ni dai har yau in matata ta ambaci mahaifinta, ƙasa nake kallo.